Faɗuwar Tunkiya Ba Maita Ba Ce

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, da zarar shuka ta fito sai a ɗaure tumaki a turke. Jama'a kan tambaya: me ke sa tunkiya mai ciki ko mai ƙiba ta faɗi rigingine ta kasa tashi? 'Yan'uwa, kada a zargi maƙwabci. Nauyi ne ya rinjaye ta, iska kuma ta taru a tumbi ta danne huhu, cikin 'yan sa'o'i sai mutuwa. A juyo ta, a tallafe ta har ƙafafunta su yi ƙarfi. A ganina, wajibi ne a cike ramukan garke, a riƙa leƙawa safe, rana da yamma. Tunkiyar uwargida ita ce kuɗin makarantar yaro.