Maɓallai sun yi maka yawa? Rage su

Da yawa cikinmu a nan Kumasi mun saya wa yara PlayStation, amma ko taɓa ta ba ma yi. Wasan ƙwallo na FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, maɓallansa sun haura goma, ga sanduna biyu na murzawa da babban yatsa. Wa ke da wannan kan bayan wunin kasuwa?

To Alhaji, ka sa yaron ya shiga wajen saiti. Ana mayar da wasan maɓalli biyu kacal: ɗaya na miƙa ƙwallo, ɗaya na bugawa raga. Haka nake karawa da autana bayan isha'i. Yakan zura mini huɗu ko biyar, ba tausayi, amma a nan nake jin labarin makarantarsa, kuma da Hausa, ba Turanci ba.