Gwajin Magani a Kan Mutane: Darasin Kano na 1996

Babu wani maganin asibiti da muke sha a yau wanda ba a fara gwada shi a jikin wasu ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafin ƙyanda, duk sai da wasu bayin Allah suka miƙa jikinsu kafin a tabbatar da amfaninsu. Saboda haka gwajin magani a kan mutane ba aibu ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, shin wanda aka yi gwajin a kansa ya san gwaji ne ake yi? In ya sani, ya amince da yardar ransa? A ganina, duk binciken da ya tsallake waɗannan tambayoyi biyu ya ci amanar jama'a, kuma ɓarnarsa takan zarce amfanin da ake nema.

Wannan ƙa'ida ba sabuwa ba ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an gurfanar da likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje na rashin imani a kan fursunoni. Daga wannan shari'a aka samu ƙa'idojin Nuremberg na 1947, waɗanda suka sa amincewar mutum a sahun farko. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙarfafa su da sanarwar Helsinki. Ke nan lokacin da abin da za mu ambata ya faru a Kano, ba a rasa dokar da za a bi ba.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Nijeriya, ta hallaka dubban mutane. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana da ke Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin. Rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, kuma iyaye sun amince da baki. Iyaye da dama kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani ne kawai ake ba 'ya'yansu. Jaridar Washington Post ta fallasa lamarin a 2000, gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wani zai iya cewa, a lokacin annoba ina ake da sukunin dogon bayani, alhali yara na mutuwa? Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa a sanƙare, duk abin da mai farar riga ya miƙo mata karɓa za ta yi. Halin ƙunci da rashin karatun boko su ne ma dalilan da suka wajabta a ƙara yi mata bayani da harshenta, a sanar da ita cewa akwai wani maganin, kuma in ta ƙi ba za a kori ɗanta ba. Amincewar da aka samu cikin firgici da duhun kai, sunanta kawai amincewa.

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka baza jita-jitar cewa ɗigon rigakafin shan-inna yana hana haihuwa, har gwamnatin Kano ta dakatar da shi sai a watan Yulin 2004. Zancen ba gaskiya ba ne, amma ya samu gindin zama, domin masu yaɗa shi sun riƙa kafa hujja da abin da ya faru a Asibitin Zana. Sakamakon haka cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Sai da sarakuna da malaman addini suka sa baki na tsawon shekaru kafin hankali ya kwanta, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka. Yaran da suka shanye ba su cikin gwajin 1996, amma sun ɗanɗana kuɗarsa.

Darasi ga hukumomin lafiya a fili yake: kiran jama'a jahilai ba ya dawo da yarda. Abin da ke dawo da ita shi ne faɗin gaskiya, da amsa kuskure da wuri, da hukunta mai laifi komai girmansa. Tun 2007 Nijeriya ta samar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, sai dai ƙa'idar da talaka bai san da ita ba, ba za ta kare shi ba.

A nan ne nauyi ya hau kan malamin makaranta. A ƙauyuka da yawa, shi ake kawo wa takarda ya karanta, shi iyaye ke tambaya idan masu rigakafi sun zo. Wajibi ne ya bambance musu tsakanin maganin da ake gwadawa da rigakafin da aka daɗe da tabbatar da ingancinsa. Ya koya wa ɗalibansa cewa suna da haƙƙin tambayar sunan magani, da amfaninsa, da illarsa, da wanda ya ba da izinin kawo shi. Haka kuma kada ya yarda bakinsa ya zama hanyar jita-jita. Al'ummar da ta iya tambaya cikin ladabi da ilimi, da wuya a yaudare ta da gwaji, da wuya kuma a razana ta har ta guje wa abin da zai ceci 'ya'yanta.