Kafin ka ɗora allura a kan faifan mahaifinka

Makon jiya, bayan shirinmu na waƙoƙin da, wani matashi ya same ni da kwali cike da faya-fayen mahaifinsa marigayi, akwai na Shata, akwai na Ɗan Maraya Jos. Ya sayi ɗan garmahon zamani mai kama da akwati, ya ce muryar Shata na fita kamar ana suyar ƙosai. Da na duba, sai na tarar ya ɗaure ƙwandalar dala ashirin a kan hannun na'urar don allura ta daina tsalle. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Shi ya sa yau nake son mu yi maganar kan allura, wanda masu gyara ke ce ma selil. Shi ne ke bin layin faifai yana mai da motsi ya zama sauti. Iri uku ne a kasuwa.

Na farko shi ne na seramik, wanda ke zuwa da irin waɗannan akwatunan masu araha. Yana danna faifai da nauyin giram 5 ko kusa da haka. Ka ƙara mishi ƙwandala, to ka koma kana noma faifan, ba saurare ba.

Na biyu ana ce mishi MM, mai maganaɗisu. Misali Audio-Technica AT-VM95 na aiki da giram 2, Ortofon 2M Red kuma giram 1.8. In allurar ta ci, da hannunka za ka zare ta ka sa sabuwa.

Na uku shi ne MC, abin alfaharin masu kuɗi. Sautinsa na da kyau, ba musu. Amma wutar da yake fitarwa ta gaza ta MM wajen sau goma, sai ka nemi ampili na musamman. Allurarsa kuma ba ta zaruwa, in ta lalace sai a aika kan gaba ɗaya waje. Daga Maraɗi ko Tawa, wa za ka aika ma?

Ra'ayina a fili yake: a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunya, MM ne namu, kuma mai allura mai zagayen baki. Na san wasu abokan aiki za su ce mai baki irin na ƙwai ta fi fito da zaƙin kukuma da kalangu. Gaskiya ne, in faifan sabo ne. Amma namu sun sha zafi, sun sha hannu, sun sha biki. Mai zagayen baki ta fi haƙuri da datti da ƙarce, ta fi araha, kuma kamfanin Audio-Technica da kansa na ba ta wajen awa 500, waccan kuwa 300.

Abu biyu kada a manta. Faifan da aka rubuta ma 78 layinsa ya fi faɗi, yana da tasa allura daban, kada a sa mishi ta 33 ko 45. Sannan in mai shago ya ce ma ga sabon Shure, ka bincika da kyau, domin kamfanin ya bar ƙera su tun 2018.

Mi ya sa na damu haka? Allura in ta mutu, ana sayo wata. Layin faifai in ya cinye, ya tafi ke nan, kuma da yawa daga cikin waƙoƙin nan ba mu san inda kwafi na biyu yake ba. Don haka in ka samu allura mai kyau, goge faifan, juya shi sau ɗaya ka naɗe a kwamfuta, sannan ka jera shi a tsaye cikin inuwa.

Wanda ke da irin wannan kwali a ɗaki, ya faɗa muna sunayen mawaƙan da ke ciki. Allah ya ji ƙan magabata.