Albashi Ko Jinga?

A watan jiya wani tsohon ɗalibina, ɗan Bagega ta ƙasar Anka, ya kawo mini gaisuwa. Yanzu yana aikin kwamfuta a wani kamfani a Kano. Ya ce, "Malam, ina so in ajiye aikin albashi in koma jinga. Turawa za su riƙa ba ni aiki ta intanet, suna biyana da dala."

Na ce masa, "Ɗana, zauna mu yi lissafi tukuna."

Lalle kuɗin yana jan ido. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya da ta ke wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a 2024. Amma fa albashi ba kuɗin ƙarshen wata ne kaɗai ba. Bisa dokar fansho ta 2014, kamfani yana zuba wa ma'aikaci kashi 10 cikin ɗari, shi kuma ana cire masa kashi 8, ana tara masa domin tsufa. Yana da hutun shekara, in ya kwanta ciwo kuma albashi ba ya tsayawa. Ɗan jinga ba shi da ko ɗaya. Ranar da bai yi aiki ba, tukunya ba ta hau murhu ba.

Mai albashi ma bai tsira ɗungum ba. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a 2019, daga baya kuma ya koma ɗaukar masu jinga. Saboda haka ban ce jinga mugun abu ba ne. Cewa na yi a shige ta da shiri.

Na tuna masa abu biyu na gida. A Satumba 2021 aka rufe layin waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, waɗansu wurare suka yi kusan wata uku ba intanet. Wanda abincinsa ke bisa waya, yaya zai yi? Na biyu, mutanen Bagega sun san abin da zinariya ta jawo. An ga kuɗi a fili, ba a ga ƙurar dalma da ke cikin dutsen ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a jihar, ba a kuwa share ƙasar Bagega ba sai 2013. Riba ta kan zo da abin da ido bai gani ba.

Ga shawarar da na ba shi. Ya tara abin da zai riƙe gida wata shida kafin ya ajiye aiki. Kada ya dogara ga mai ba da aiki ɗaya. Kowace jinga a rubuta ta, da kuɗi da ranar biya. Ya ware na haraji da na asibiti, ya ci gaba da ajiyar fansho, gama tun 2019 hukumar PenCom ta buɗe ƙofa ga masu aikin kansu. Sa'an nan ya yi shawara da uwargidansa, domin ita ce za ta auna tsaba ran da kuɗi ya makara.

Ya ce zai ƙara shekara ɗaya a kamfanin yana tari. Sai mun sadu a wata mai zuwa.