Zaɓen Jak Don Motar Da Ta Zauna Ƙasa

FILIN KAYAN AIKI

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kasuwanni sun cika. Yanzu ne motocin ƙauye suka fi shan kaya. Saboda haka a wannan wata filin nan zai yi bayani a kan wani ɗan ƙarfe da ba a tunawa da shi sai ranar wahala, watau jak na ɗaga mota, wanda wasu direbobi ke ce wa kirik.

Wata ranar kasuwa wata mota mai buɗaɗɗen baya ta tashi daga Bader Gula za ta Dakoro. An loda mata buhunan wake da na hatsi, an ɗaura raguna a sama, mutane kuma sun hau bisa kayan. Ana cikin tafiya kututture ya fasa tayar baya. Motar ta zauna, gindinta ya kusa taɓa ƙasa. Direba ya fiddo jak, amma jak ya ƙi shiga ƙarƙashi, don ya yi tsawo. Yaron mota ya kwanta ya tone rairai da hannu, ya cusa jak cikin ramin ba tare da ya aza shi bisa komi ba. Mota ta ɗagu, aka cire taya. Yana miƙa hannu zai gyara wurin, sai jak ya nutse ta gefe ɗaya, ya karkace, mota ta faɗo masa a damtse. Allah ya sa da sauran kwana, amma hannun ya karye. Kasuwa ta watse ba su iso ba, yaron kuma ya yi watanni ba ya iya aiki.

Jak ɗin nan sabo ne, ba ya da laifi. Laifin na wanda ya saye shi ne bai gwada ba.

ME KE SA MOTA TA ZAUNA?

Abu 3 ne. Na farko tsufa. Motocin da ke bin hanyoyin Bader Gula, Sakabal, Barmo da Gadabeji yawancinsu sun sha aiki kafin su iso nan. An fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna tun 1975, daga baya Toyota Hilux da Land Cruiser suka cika tashoshi. Kowace iri ce, in ta daɗe tana ɗaukar kaya, sifirin ɗinta yakan kwanta, jikinta ya sauko.

Na biyu lodi. Buhun hatsi mai tiya 40 yana kai kilo 100. Buhu 10 ton 1 ke nan. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ita kaɗai ta kai wajen ton 2. In an aza mata buhu 15, nauyinta ya zama ton 3 da rabi, ban da mutane, kuma mafi yawansa a baya yake.

Na uku faci da rairai. In iska ya fita daga babbar taya, ƙafar motar takan sauka da santimita 10 ko fiye. Ƙasar Tarka kuma rairai ce, tayar tana ƙara nutsewa. Jak ɗin da ya shiga da sauƙi a gaban kanti, nan ba zai shiga ba.

IRE-IREN JAK

1. Jak mai zare, mai buɗewa kamar almakashi. Shi ne ke zuwa tare da ƙananan motoci. In an naɗe shi tsawonsa wajen santimita 10 ne, yana shiga matsattsen wuri. Amma ƙarfinsa bai cika wuce ton 1 zuwa 1 da rabi ba, gindinsa kuma siriri ne. Ba na motar kaya ba ne.

2. Jak mai kama da kwalba, mai aiki da mai. In ana buga sandarsa, ƙaramin famfo yana tura mai kaɗan kaɗan ƙarƙashin babban ƙarfe, shi ya sa hannun mutum ɗaya ke ɗaga nauyin da mutum 20 ba su iyawa. Akwai mai ton 2, mai 5, mai 10, har mai 20 na manyan motoci. Aibinsa tsawo. Mai ton 5 yakan kai santimita 20 tun ba a buga shi ba. Akwai gajeren irinsa, akwai kuma mai hawa 2 wanda ƙarfensa ke fitowa ɗaya daga cikin ɗaya. Waɗannan su suka fi dacewa da motar da ta zauna.

3. Jak mai tayoyi, wanda ke kwance kamar kada, mai doguwar sanda. Bakinsa yana ƙasa ƙwarai: na kullum santimita 13 zuwa 14, siririn irinsa kuwa 8 zuwa 9. Babu kamarsa wajen ƙananan motocin birni masu gajeren gindi. Amma akwai abin lura. Hannunsa ba ya tashi a miƙe, lanƙwasowa yake yi baya, don haka dole jak ya riƙa gangarawa ƙarƙashin mota yayin da take ɗaguwa. Bisa daɓen siminti hakan na yiwuwa. Cikin rairai tayoyinsa sukan kafe, sai ya jawo motar ko ya zame. Wannan jak na mai faci ne da bakanike masu daɓe a Dakoro ko Maraɗi. Ba abokin tafiyar daji ba ne.

4. Dogon jak mai kama da tsani, mai wajen santimita 120. Yana kama mota ta baki, yana fid da ita in ta kafe. Sai dai yana son ƙarfe mai ƙwari inda zai kama, ba ya tsayawa daram, sandarsa kuma in ta kuɓuce tana iya fasa haɓar mutum. Wanda bai koya ba kada ya taɓa shi.

KARA BIYU KAFIN A JE KANTI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya yi gwajinsa a gida, ranar da babu gaggawa, motar tana ɗauke da kayan da ta saba ɗauka.

Ya shimfiɗa katako kusa da tayar baya. Tayar tana cike da iska, ya auna da karan hatsi daga bisa katakon zuwa ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, daidai ƙarƙashin sifirin. Ya ƙara faɗin yatsa 3, ya yanke karan. Wannan shi ne dogon kara. Sa'an nan ya sace iskan tayar duka, ya sake aunawa, ya rage faɗin yatsa 2, ya yanke wani karan. Wannan shi ne gajere.

Da karan nan 2 zai je kanti. Jak ɗin da za a saya, in yana rufe kada ya fi gajeren kara tsawo. In an buga shi har ƙarshe kuma ya kai dogon kara. Wanda ya kasa ɗaya daga cikin biyun a bar wa mai kanti abinsa, komi arhar sa. Araha ba ta ado.

Bayan haka a karanta lambar da ke jikinsa. Inda aka ga 2 T, ton 2 ke nan. 5 T, ton 5. Kada lambar ta kasa nauyin motar da kayanta. Ga motar kasuwa mai ton 3 da rabi, mai ton 5 ya kamata a nema. Nan ma karatu ya yi rana: wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci ba a sayar masa da mai ton 2 a ce masa mai 5 ne.

A ƙarshe a gwada shi nan take. A ɗaga wata mota da shi, a jira minti 5. In yana sauka da kansa, ko mai yana tsattsafowa a wuyansa, robarsa ta mutu.

KATAKO RABIN JAK NE

Ga ɗan lissafi. Gindin jak mai santimita 10 kowane gefe yana taka ƙananan murabba'ai 100. In ton 1 ya hau kansa, kowane murabba'i yana ɗauke da kilo 10, rairai ba ya iya riƙewa. Katako mai santimita 30 kowane gefe yana da murabba'ai 900. Nauyin ya ragu har sau 9, kowane murabba'i kilo 1 da ɗan kai. Shi ya sa raƙumi ke tafiya inda jaki ke nutsewa. Katakon ya yi kauri santimita 4 ko 5, na itace mai ƙwari, ya zauna cikin mota kullum.

In duk da haka jak bai shiga ba, kada a kwanta ƙarƙashi ana tono. A ajiye wani katako mai kauri gaban tayar da ta fashe, direba ya hau da ita kansa a hankali. Wurin jak zai buɗe.

DOKOKI 7 NA RANAR FACI

1. Mutane duka su sauka. In kaya sun yi yawa a rage.
2. A nemi wuri mai tauri wanda bai karkata ba. A kashe mota, a ja birkin hannu, a sa giya ta 1.
3. A sa weji gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar.
4. A sassauta kusoshin taya tun tana ƙasa. Ƙarasa ɗaure su ma sai an sauke ta.
5. Kan jak ya zauna tsakiyar ƙarfe mai ƙwari, ba bisa kwanon mota ba.
6. Da ta ɗagu, a tura safaya ko guntun icce mai kauri ƙarƙashin shasi. Tubalin ƙasa da bulon siminti fashewa suke yi ba sallama.
7. Kada kowa ya sa kai, ko hannu, ko ƙafa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Shi kuma jak mai kwalba a ajiye shi tsaye, a rufe shi da tsumma saboda ƙura. In mansa ya ragu a ƙara man jak. Kada a zuba masa man birki, yana cinye roba.

Magana ta ƙarshe ga fasinjoji ce, da shugabannin tasha, da ƙungiyoyin da suka haɗa kuɗi suka sayi mota. Motar da ke kai wake kasuwa ita ce ke kai mai naƙuda asibitin Dakoro da tsakar dare, inda babu mai kawo agaji. Ba rashin kunya ba ne a tambayi direba kafin a tashi: "Maigida, akwai jak da katako?" Direban kirki ba zai ji haushi ba, zai nuna su.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa yaran mota da ba su iya ba tukuna. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin nan zai yi bayani a kan iskan taya da tafiya cikin rairai.