Gawa Mai Tafiya da Darasin Jigo

A shekarar 2015 gidan talabijin na AMC da ke Amurka ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Fear the Walking Dead, wanda aka kammala a 2023. Labarin wani iyali ne a birnin Los Anjalis da annoba ta rutsa da su, irin wadda duk wanda ya mutu a cikinta gawarsa kan tashi ta riƙa cizon masu rai. Irin wannan gawa ita ake kira zombi. Yau matasa a Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi suna kallon irin waɗannan wasanni a wayoyinsu, kuma da yawa daga cikin malamai ba su da abin cewa a kai sai dai "shirme ne".

A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Gaskiya ne gawa mai tafiya ba ta cikin tunanin Bahaushe. Muna da fatalwa da dodo da maye, amma gawa a wurinmu abar girmamawa ce: a wanke ta, a yi mata sutura, a sallace ta, a kai ta makwanci tun rana ba ta faɗi ba. Sai dai zombi ɓawo ne kawai. Jigon wasan shi ne halin da iyali kan shiga idan wanda suke ƙauna ya zame musu abin tsoro. Manyan taurarin ma ma'aikatan makarantar sakandare ne: Madison mai ba ɗalibai shawara, da Travis malamin Ingilishi. Sojoji suka killace unguwarsu da waya. A ƙarshen zango na farko, Travis ya harbe uwar ɗansa da hannunsa, bisa roƙonta, domin an cije ta.

Wa zai ce Bakano bai san wannan ɗacin ba? A watan Afrilu na 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Kano, aka kulle gari, aka dakatar da gwaji na ɗan lokaci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, maƙabartu kuwa suka yi ta karɓar dattawa. Daga baya Ministan Lafiya ya ce mutum 979 ne suka rasu a wancan tsakani. An ce wa ɗa kada ya rungumi mahaifinsa mai tari, an ce wa maƙwabci kada ya je zaman makoki. Ga al'ummar da ta ɗauki dubiya da jana'iza a matsayin haƙƙi, wannan ba ƙaramin rikici ba ne, kuma rikici shi ne ƙashin bayan wasan kwaikwayo.

Ba koyi da baƙi nake kira a yi ba. Fim ɗin Hausa mai gawawwaki suna tangaɗi a titin Zariya dariya zai jawo. Tun a Wasan Marafa, Abubakar Tunau ya nuna cewa cuta da tsafta na iya zama jigo a wasanmu. Malami na iya tambayar aji abin da suka kalla, ya sa su fitar da jigo da warwararsa, sannan ya ba su aikin rubuta fitowa ɗaya: gida a Daurawa cikin kulle, maigida yana zazzaɓi, uwargida ta ce a kira ma'aikatan lafiya, babban ɗa kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba mai fita da mahaifinsa.