Kafin a ƙara firiza, a sauya akwatin wuta

Duk mai zama a Tcholliré ya san yadda watan Maris da Afrilu suke: zafi ya kai maƙura, fanka ba ta hutawa, mata na haɗa ƙanƙara da zoɓo don sayarwa. A daidai lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wadda tun 1982 injinanta masu megawat 72 ke ba arewacin Kamaru wuta. Tashoshin hasken rana na Guider da Maroua sun rage wahala, amma har yanzu wuta na zuwa da rauni, a ɗauke, a dawo da ita.

Wannan mun saba kuka a kansa. Abin da ba mu cika dubawa ba shi ne akwatin wutar da ke cikin gidajenmu. Aikin kamfani ya ƙare a kan mita. Daga nan zuwa ɗaki, nauyin maigida ne.

Gidaje da yawa an ja musu waya ne lokacin da kayan wutar ba su wuce ƙwai uku da rediyo ba. Yau ga firiza, ga dutsen guga, ga butar dafa ruwa, ga 'yan haya da aka jona wa layi ɗaya. Mu yi lissafi: wutarmu volt 220 ce, layi mai ampiya 10 ba ya ɗaukar fiye da wat 2,200. Buta da dutsen guga kaɗai sun cinye wannan. Idan wuta ta zo da rauni kuma, injin firiza yakan ƙara jan ta, waya ta yi zafi, robarta ta narke a cikin rufi inda ido ba ya gani.

Mafi muni, fis ya ƙone, sai a ɗaura masa zaren waya a ce an gyara. To ai an kashe mai gadi ke nan! Fis yana ƙonewa ne don kada gida ya ƙone.

Shawarata ga magidanta ita ce a kira mai gyaran da ya koyi aikin, a sa sabon akwati. Kowane layi da makatsinsa: fitilu a waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket a 2.5, firiza a layinta ita kaɗai. A sa makatsi mai gane yoyon wuta na miliampiya 30, wanda ke yanke ta nan take idan ta bi jikin mutum. Shi ne ke tsakanin yaro mai jiƙaƙƙen hannu da ajali. Yana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi duk wata. A kuma kafa ƙarfen ƙasa da zurfi, domin busasshiyar ƙasar rani ba ta jan wuta sosai.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, waya mai kyau ta jan ƙarfe da tsada take, sau da yawa sai an aika Garoua. Amma araha ba ta ado, kuma wanda ya iya sayen firiza bai kamata ya ji ƙyashin kare ta ba. Masu gidajen haya, rayukan da ke ƙarƙashin rufinku amana ce a wuyanku. Limamai da masu unguwanni, a taimaka a tuna wa jama'a kafin zafi ya shigo. Allah ya tsare mu da gobara.